Shagon gyaran na'urar CD a wajen Ƙofar Ƙaura

Masu gyaran rediyo da talabijin suna da yawa a Katsina, amma wanda zai buɗe tsohuwar na'urar CD ya san inda sauti yake lalacewa, da wuya ka same shi. Yawancinsu da sun ji ƙorafi sai su ce idon da ke karanta faifai ne ya mutu, a sayo sabo. Akwai wani dattijo mai ɗan shago a wajen Ƙofar Ƙaura da ba haka yake aiki ba, kuma aikinsa nake son in faɗa muku, da kyansa da naƙasunsa.

Na'urata kwatano ce daga Turai, ta shekarun 1990. Da ita nake jin karatun Alƙur'ani da faya-fayen kiɗan gargajiya da na daɗe ina tarawa. Tana karanta faifai lafiya lau, sai dai wani ƙugi da ke fita ta sifika ko da ba a kunna komai ba, kuma kalangu ya daina fita da nauyinsa, sai ka ji kamar ana bugun kwali.

Bai taɓa idon ba ko kaɗan. Wajen taransifoma ya nufa, ya haska manyan kafasita guda biyu da tocila, ya ce, "Alhaji, matso ka gani." Kan ɗaya ya kumbura, ƙasan ɗayan kuma ya yi wani tsatsa mai ruwan ƙasa a jikin allon. Ya yi mini bayani cewa wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, idan ta ratsa dayod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, sai ta zama tana hawa da sauka sau 100, kuma waɗannan kafasita su ne ke cike gurbin don ta fita sumul. Akwai ruwa a cikinsu, zafi kuwa yana busar da shi. Masana sun ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarsu biyu, to ka ƙiyasta abin da watan Afrilu na Katsina yake yi musu a ɗakin kwano. Na asalin masu jure digiri 85 ne, ya cire su ya sa masu 105.

Abin da ya fi burge ni shi ne gyara na biyu. A na'urar, motar da ke juya faifai da ɓangaren da ke mayar da lambobi sauti kusan daga hanya ɗaya suke shan wuta, duk motsin da motar ta yi sai ya taɓa ɗayan. Sai ya sa wa ɓangaren sautin nasa regileta (mai daidaita ƙarfin wuta) daban, ƙaramin nan 7805 mai fitar da bolt 5, ya ɗaura masa ɗan ƙarfen sanyaya, ya liƙa ƙananan kafasita daf da ƙafafunsa. Liƙin dalmarsa tsaf, yana ƙyalli, babu dunƙule ko ɗaya. Ya kuma gargaɗe ni cewa wannan regileta yana buƙatar wajen bolt 7 kafin ya riƙe 5 ɗinsa, saboda haka idan wuta ta zo a raunane ƙugin zai iya dawowa, ba laifin gyara ba ne. Ya ce in sa sitabilaiza, kuma in guji ƙaramar inbata mai arha, don wutarta ba ta fita da santsi.

Da na kai ta gida, ƙugin ya tafi gaba ɗaya. Na ƙure murya na kara kunne a sifika, shiru. Kalangu ya dawo da cikinsa, kuma a karatu ana jin inda mai karatun yake jan numfashi tsakanin ayoyi. Wannan ba zato ba ne, har uwargida daga tsakar gida ta tambaya ko sabuwa na sayo.

Akwai kuma abin da ni na nace a yi. Na ji ana yabon canza ayisin da ke ƙarfafa sauti a mafita, na ce ya cire 4558 ɗin da ke ciki ya sa NE5532. Ya ce, "Zan sa maka, amma kada ka sa rai da yawa." Ya sa soket don a iya mayar da tsohon. Gaskiyarsa ce. Ko akwai bambanci, kunnena bai kama wani abin a zo a gani ba. Ya ƙara da cewa masu tsadar da ake tallatawa da yawansu jabu ne, an goge lamba an buga wata. Mutumin da zai hana ka kashe kuɗin da zai shiga aljihunsa ya cancanci a faɗi alherinsa.

Inda yake da rauni shi ne alkawari. Ya ce mako guda, aka haura uku, wai kayan daga Kano ake kawowa, kuma ba ya kira ya sanar da kai sai ka tako da ƙafarka. Shagon ma ƙura ta yi masa yawa ga kayan da ke da ido a ciki, ga shi yana barin na'urori a buɗe a kan tebur. Ka tafi da ƙyalle ka roƙe shi ya rufe taka. Ba ya rubuta rasit, amma ya zuba mini duk abin da ya cire a leda, ya faɗi kuɗin kowane sabo, ladan aikinsa kuma bai kai kuɗin kayan ba.

Wanda na'urarsa ta haura shekara ashirin tana ƙugi ko sautinta ya dushe, ya kai masa, ya ce a fara da ɓangaren wuta. Kada ka buɗe da kanka, manyan kafasita suna riƙe caji ko bayan an zare filogi. Idan kuma tsallake waƙa take yi ko ba ta karanta faifai, wannan matsalar ido ce ko dattin faifai, kuma shi da kansa zai faɗa maka haka kafin ya karɓi ko sisi.