Wake da sukari a Osu

Akwai wani ƙaramin gidan burodi a unguwar Osu ta Accra, cikin wani lungu kusa da Oxford Street, da ke yin kayan fulawa irin na Japan. Burodinsu ya ci kuɗinsa. Shayinsu kuwa sai ka san abin da za ka ce a ba ka, in ba haka ba madara da ƙanƙara za ka saya da tsada.

Ni da Goggona muka je daga Nima ranar Asabar da hantsi, kuma da gangan na ɗauke ta, don ta shekara da shekaru tana tuyar ƙosai, ba a yi mata burga da wake. Abin da aka fara kawo mana anpan ne, ɗan kewayayyen burodi mai sheƙi, an barbaɗa masa baƙin riɗi a ka. Da na raba shi biyu sai ga cikinsa ja-ja mai duhu. Wani ƙaramin jan wake ne da suke kira azuki, a dafa shi ya yi luguf, a tuƙa da sukari har ya kama jikinsa. Goggo ta leƙa ta ce, "Ke 'yar nan, su ba su da barkono ne a garinsu?" Na ce, "Goggo, ku dai ɗanɗana." Ta gutsura, ta yi shiru, can ta ce a ƙaro ɗaya. Zaƙin bai hau kai ba, ana jin ɓawon waken a harshe, ga garɗi. Wani gidan burodi mai suna Kimuraya a unguwar Ginza ta Tokyo ne ya ƙirƙiro shi a 1874, har aka kai wa Sarki Meiji a 1875. Su na asalin da yis ɗin da ake haɗa giyar shinkafa suke tayar da ƙullun, shi ya sa na tambayi yarinyar da ke kan kanta. Ta ce nasu yis ne na kasuwa, irin wanda kowa ke sa wa.

Wanda ya fi burge ni shi ne shokupan, farin burodinsu na madara. In ka ja shi ba ya marmashewa, yagewa yake zare-zare. Dabarar ita ce a zuba tafasasshen ruwa a kan wani kaso na fulawar, a kwaɓa a bar shi ya huce, sannan a haɗa da sauran. Hakan ke sa ƙullun ya riƙe ruwa. Na sayi guda na kai gida, washegari da koko muka ci shi, taushinsa na nan.

Melonpan ɗinsu, wani burodi mai zaƙi da ake yi wa ɓawo irin na biskit a sama, ya sha iska, ɓawon saman da ya kamata ya yi ƙaras-ƙaras ya saki. Mochi kuma, da ake yi da shinkafa mai danƙo, yana da daɗi amma ban bar Goggo ta jefa shi baki gaba ɗaya ba. A Japan ma duk sabuwar shekara sai hukumomi sun ja kunnen mutane, don yana maƙale wa tsofaffi a maƙogwaro. A yanka shi ƙanana.

To, sai matcha, garin koren shayinsu. Mu da muka saba da ataya, ganye muke tafasawa mu sha ruwan mu zubar da ganyen. Wannan kuwa ganyen kansa kake sha. Ana rufe gonar da inuwa kamar mako 3 kafin a tsinka, a turara ganyen, a busar, a cire jijiyoyinsa, a niƙa da dutse ya zama gari kore shar. Wanda ya fi suna na garin Uji ne, kusa da Kyoto. Dutsen niƙa ɗaya ba ya wuce giram 30 zuwa 40 a awa guda, kuma tun 2024 masu nema suka fi ƙarfin abin da ake samarwa. Don haka ban yi mamaki ba da kuɗin kofi ɗaya ya ɗara na cikakken waakye, wato shinkafa da wake, da nama da ƙwai.

Abin da ya ba ni haushi kofin farko ne, wanda kowa ke ɗaukar hotonsa: madara, ƙanƙara, ruwan sukari, koren ya dushe, ga gudajin gari sun kwanta a ƙasa. Sai na ce a yi mini tsagwaronsa. Nan na ga aiki. Yarinyar kantar ta tankaɗe garin a ɗan kwano, ta zuba ruwan zafi da bai kai tafasa ba, ta kaɗa da ɗan maburgin gora har kumfa ya rufe samansa. Kurɓar farko ɗaci ne kaɗan da ƙamshin ɗanyen ganye, sannan wani garɗi ya biyo baya ya daɗe a baki. Da anpan a gefe suka dace sosai. Goggo dai ta ce na yara ne, ta nemi ruwa. Matcha yana hana barci, kada a sha shi bayan magariba.

Wurin zama kaɗan ne, mai mota kuma zai sha wahalar samun inda zai ajiye ta. Kafin ka nuna wani kek mai kirim a cikin gilashi, tambayi abin da aka sa. Mun tambaya, yarinyar ta shiga ciki ta dawo ta ce ɗaya daga ciki akwai ɗan giya a kirim ɗinsa, sai muka bar musu shi.