Makarantar hawan doki a gefen Garwa: a ɗaga sirdi kafin a biya kuɗi

Akwai wata barga a bayan garin Garwa da ke arewacin Kamaru, ta wajen kogin Binuwai, inda ake koya wa yara da manya hawa, ana kuma ba da hayar doki don kilisa ranar Asabar da Lahadi. Koyarwar wurin ba ta da laifi. Ba a sakar wa sabon ɗalibi linzami a ranar farko, sai an zagaya da shi da igiya har zamansa ya daidaita, kuma ana auna masa tsawon likkafa kafin ya hau, ba wai a ce ya lallaɓa da wadda ya tarar ba. Filin yashi ne mai laushi, an tsince duwatsu. Wanda ya faɗi, da wuya ya ji mugun ciwo. Matsalar wurin tana jikin dawakin, kuma mafi yawanta a ƙarƙashin sirdi take, inda mai biyan kuɗi ba ya gani.

Ta fuskar abinci sun cancanci yabo. Harawar wake da ta gyaɗa suna rumbu a bisa katako, babu warin ruma, ga dusa da ɗan gero da kanwa. Dawakin nan irin namu ne, nauyinsu bai cika wuce kilo 300 zuwa 350 ba, kuma irin wannan doki yana bukatar busasshiyar ciyawa kilo 5 zuwa 7 a yini. Suna samu, haƙarƙarinsu bai fito ba. Abu biyu ne kawai za a gyara. Ana zuba harawa a ƙasa kan yashi, doki yana ci yana haɗiye yashin, shi kuma yashi taruwa yake a hanji har wata rana ciki ya murɗa. Rabin ganga ko tsohuwar taya da aka shimfiɗa wa buhu ta wadatar. Na biyu, ana ba da gero a ɗaura sirdi nan take. A bar aƙalla awa guda tsakani, kuma hatsi kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a ci ɗaya.

Yanzu maganar baya. Sirdunan wurin ba su kai yawan dawakin ba, don haka sirdi ɗaya ne ke yawo daga wannan doki zuwa wancan. Ai baya ba ɗaya ba ne. Sirdin da ya zauna daidai a kan ingarma mai faɗin baya, in aka ɗora shi kan siririn doki sai ya sauko ya danne ƙashin tudun kafaɗa. Gwajin ba shi da wuya: bayan mahayi ya zauna, yatsu biyu zuwa uku su iya shiga tsakanin gaban sirdi da wannan ƙashi. A kan dawaki da dama na wurin ko yatsa ɗaya ba ya shiga. Shaidar tana nan a fili in an sauke sirdi: tabon farin gashi a baya, wanda yake nuna tsohon miki da ya warke, da wuraren da suka bushe ƙayau alhali sauran bayan ya jiƙe da gumi. Wannan bushewar ba alamar lafiya ba ce, matsi ne ya yi yawa a wurin har gumi ya kasa fita. Kwana kaɗan sai ya kumbura, sannan ya fashe.

Abin da ake shimfiɗawa ƙarƙashin sirdi shi ma ya ƙara ta'azzara lamarin. Tsofaffin barguna ne da gumi da ƙura suka sandarar, wasu ma da ƙarangiya maƙale a jiki. Shimfiɗar nan tana son a kakkaɓe ta kullum, a shanya, a wanke duk mako, a kuma goge bayan doki da buroshi kafin a ɗora. Majayin kuma na igiyar leda ne, siriri, yana yanka fata a bayan gwiwar ƙafar gaba. Majayi mai faɗin yatsu huɗu na saƙar auduga ko fata mai laushi ya fi, kuma a ja shi sannu a hankali, sau biyu ko uku, ba a fizge shi gaba ɗaya ba. Dokin da ke kwantar da kunne ko ya juyo da cizo in ya ga sirdi, ba mugun hali ba ne da shi. Ciwo yake ji.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda ake jinyar mikin. Ana shafa baƙin man inji, a naɗe buhu a kai, a mayar da sirdi, in an yi magana a ce ai ya saba. Baƙin mai ƙona nama yake yi, ba ya warkar da komai. Miki a wanke shi da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwa da ya huce, a sa Betadine da aka sirka, a kare shi daga ƙuda. Sannan doki ya huta, babu sirdi har fata ta haɗe, ko da zai ɗauki mako uku. Buɗaɗɗen miki a ƙasarmu ƙofa ce ga tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki, da kuma cutar nan mai fitar da ƙuraje a jere kamar carbi a ƙafa da wuya, wadda ƙuda da kayan hawa ke yaɗawa. Inda sirdi ɗaya ke zagaya barga, doki ɗaya ya isa ya shafa wa saura.

Linzami kuwa, an haɗa iri biyu. Wasu dawakin suna da mai sauƙi mai gaɓa a tsakiya, wasu kuma an sa musu na gargajiya mai zoben da ke kewaye haɓa da harshen ƙarfe da ke dukan ganɗa. Wannan linzami na gwanaye ne, irin mahayan Lamiɗo da ke tsayar da doki cak a tsakiyar sukuwa ranar hawan salla, masu hannu mara nauyi. Ɗan koyo kuwa da linzami yake riƙe kansa in ya ji zai faɗi, duk nauyinsa sai ya koma bakin doki. A duba gefen leɓe da ƙasan haɓa, za a ga tsaga da kumfa mai jini-jini. Ɗan koyo a ba shi linzami mai sauƙi ko ragama kawai, kaimi kuma kada ya kusanci ƙafarsa.

Sai lokacin aiki. Kowa ya san Garwa a watan Maris da Afrilu, zafi yana haura digiri 40. Darasin safe yana ƙarewa da wuri, wannan daidai ne. Amma ranar hutu ana fara haya tun bayan azahar, doki ɗaya ya sauke wannan ya ɗauki wancan ba a ko sassauta majayi ba. A wannan yanayi doki yana iya shan lita 50 a yini, su kuwa sau biyu ake kai su kwami. Ƴan barga suna tsoron ba doki ruwa da gumi a jikinsa, wai zai kama ciki. A ba shi, rabin bokiti, a ɗan zagaya da shi, a ƙara, a kuma kwarara masa ruwa a wuya da ƙirji da tsakanin cinyoyi. Mai lura zai iya gwadawa da kansa: a tsunkuli fatar wuya a saki, in ta wuce daƙiƙa biyu ba ta kwanta ba, ruwan jiki ya yi ƙasa. Doki mai hutu yana numfashi sau 8 zuwa 16 a minti, zafin jikinsa digiri 37.5 zuwa 38.5. Wanda aka sauka minti 20 yana nan yana haki, aikinsa na ranar ya ƙare.

Ba a kuma duba nauyin mahayi. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mahayi da sirdi kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin doki, wato kilo 60 ga dokin kilo 300. Akwai ƙananan dawakin yankin kogin Logon guda biyu a wurin, masu juriya da sanyin hali, sun dace da yara ƙwarai. Ganin ƙaton mutum a bayansu abin takaici ne.

Kofato ana gyarawa, sai dai ba a kan kari ba, har gaban ya yi tsawo doki yana tuntuɓe. Duk mako 6 zuwa 8 ya kamata a datse. A ɗakin magani akwai Taktic, maganin kaskar shanu, kuma wannan haɗari ne babba: sinadarin amitraz da ke ciki yana tsayar da hanjin doki, yana iya kashe shi. Kada ya taɓa jikin doki ko kaɗan. Garin da ke da LANAVET, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa, a Bokle da likitocin dabbobi na gwamnati a kusa, babu dalilin yin jinya da ka.

Wanda zai kai ɗansa, ya kai shi darasin safe, malaman sun iya aikinsu. Ya isa da wuri kafin a ɗaura sirdi, ya gaida sarkin barga da ladabi, ya ce, "Baba, don Allah a bar ni in ga bayansa." Ya bi da tafin hannu daga kafaɗa zuwa ƙugu yana ɗan dannawa. In akwai zafi, ko kumburi, ko doki ya lanƙwasa baya, ya nemi a canza masa wani, ya kuma faɗa wa mai wurin dalili. Hayar yamma a watannin bazara kuwa, a haƙura da ita har sai sun ƙara sirdi, sun sa ruwa a gaban kowane turke.