Rumfar 'yan kajin da na je ana jibi Kirsimeti: aiki da kyau, amma ki ƙirga ƙundunki

Bara da hannuna na fige kaji biyar daren jajibere, gari ya waye yatsuna duk sun sale, ina zaune cikin sujada ina jin ƙarnin kaza na tashi a jikina duk da wankan da nai sau biyu, har matar da ke gefena ta ɗan muskuta ta matsa, kuma ban ga laifinta ba. To bana na ce ba da ni ba gaɗa a hurumi. Wata 'yar Zumuntar Mata, ƙungiyar matan coci, ce ta kwatanta min wata rumfa a layin 'yan kaji can wajen Sabon Gari a Kano, ta ce ki sayi kazarki a gurin, su yanka su fige su daddatsa, ke dai naki ɗauka. Ba zan kama sunan mai rumfar ba dan akwai inda zan yi ƙorafi, kuma mutumin bai cancanci a yi masa tonon silili ba.

Ranar 23 ga wata na fita tun bakwai na safe, hazo ya rufe gari ko fitilar adaidaita sahun da ke gabanmu da ƙyar ake gani, ga sanyin nan mai fasa leɓe. Wannan shi ne wayon farko da zan ba kowa, kar ki bari sai 24. Na taɓa zuwa kasuwa ranar jajibere, ba masaka tsinke, masu tafiya gida kudu da kayansu, masu sayen shinkafa, masu neman takalmin yara na ƙarshe, kowa a fusace. Ana jibi kuwa da sassafe mutum uku kacal na tarar a gabana.

Ina isa wani saurayi ya tare ni da turancin buroka yana madam madam, dan ya ga zanen zumunta a jikina. Na ce samari ina kwana, zakaran can nawa za ka bar min? Sai ya yi turus. Ya ce au, Hajiya ashe 'yar gida ce. Ya sake kallon zanen ya ce to amma... Na ce ƙarasa mana, eh Bahaushiya ce kuma Kirista, iyayena daga ƙasar Rano suke, Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932 aka buga shi, da shi kakana ya koyi karatun boko ma. Mai rumfar, wani dattijo mai furfura a gemu, ya daka masa tsawa ya ce kai ɗauko wa Maman yara benci, kai ne baƙo a Kano ba ita ba. Daga nan na san zan yi ciniki a gurin. Wannan tambayar na saba da ita tun ina firamare, ba ta ƙona min rai yanzu, dariya ma take ban.

Kaji kala uku ne a kejinsa. Akwai buroila, waɗanda masu gidan gona ke zubawa tun wajen Oktoba ko farkon Nuwamba dan su isa sayarwa daidai Kirsimeti, tunda sati shida zuwa takwas suke yi su cika. Akwai tsofaffin masu ƙwai da suka gama aiki, naman da tauri amma ba ya narkewa a miya. Sai kajin gida, su ne masu tsada in aka duba girmansu, su ne kuma masu daɗin romo. Na yi masa kukan kuɗi, ya ce Maman yara ba mu ba ne, masara da waken soya ne abincinsu, je ki Dawanau ki tambayi buhu, ga kuɗin mota tun da aka cire tallafin mai a 2023. Gaskiyarsa ne. Abin da ya burge ni bai tura min mafi tsada ba, da na ce na rabo ne da na suya, shi da kansa ya ce ki ɗau buroila huɗu na suya, zakaru biyu na gida na miyar gidanki, kar ki sa buroila a miya ta dagargaje ki ji kunya. Wata da na nuna ma ya ce a'a bar wannan, tun jiya take rufe ido.

Yanzu ga ainihin abin da ya kai ni, ba gudun figa kawai ba. A gidanmu tun muna yara Baba ba ya yanka kazar Kirsimeti da kansa, sai ya aika a kira wani malami maƙocinmu ya yanka, dan ya ce abincin da maƙoci ba zai iya sa wa a baki ba bai ga amfanin dafa shi ranar haihuwar Almasihu ba. Haka muka tashi. Mu a cocinmu ba a ɗora mana dokar yanka ba, amma Hajiyar da muke katanga ɗaya da ita shekara tara ke nan duk babbar sallah sai cinyar rago ta shigo gidana, da azumi kuma kunun tsamiya da ƙosai ba sa yankewa, to ta yaya zan aika mata da abin da za ta karɓa da fara'a ta juya ta rasa yadda za tai da shi? A rumfar nan a gabana aka yi, mai yankan ya fuskanci gabas ya yi bisimilla ya yanka ɗaya bayan ɗaya, wuƙa mai kaifi, ba wasa ba gaggawa. Nan kam ba ni da abin cewa sai godiya.

Gurin figar ne labari ya ɗan canja. Rabin durom ne a kan murhun itace, ruwa na tafasa, yaro ya riƙe ƙafafu ya tsoma ya juya ya fiddo, kafin ki ce kwabo gashin ya zube, hannunsu kamar inji. Dan kar kaji su cakuɗe suna ɗaura wa na kowa ƙyallen leda a ƙafa, nawa shuɗi. Sai dai ruwan nan Allah kaɗai ya san tun yaushe yake kan wuta, ya koma kalar ƙasa, gashi na yawo a kai, ni ce ta huɗu da safe ina ga wadda za ta zo da azahar. Kuma zafin da ya dace da zakaran gida ya yi wa buroila yawa, biyu daga cikin nawa fatar ta yayyage a ƙirji, in kin soya ba ta yin kyan gani a faranti. Na yi magana, yaron ya ce Mama ai duk ciki za shi. Babbakar da suka yi wa zakarun kuwa ta yi, har ƙamshi. Datsawa ma sun iya, sun tambaye ni kashi nawa za a raba kowace kaza, na ce takwas takwas, ba su farfasa ƙashi ba.

Turansifa na yi, netwok ya riƙe kuɗin kusan minti ashirin, dattijon ya ce tafi abinki zai shigo. Ban tafi ba dai, na jira.

Sai da na dawo gida na juye a roba ina wankewa da lemon tsami na ga ta'asar. Kaji shida, ƙundu huɗu. Hanta ma kamar an taɓa. Wanda bai sani ba zai ce meye abin magana a ƙundu biyu, to a gidanmu ƙundu na Baba ne, yanzu ya tsufa yana zaune gurinmu, haƙora saura kaɗan amma ƙirga ƙundu bai manta ba. Ya leƙo kicin da sandarsa ya ce 'yar nan kajin bana biyu ba su da ciki ne? Yara suka fashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci ba kaɗan ba.

Ranar Kirsimeti dai ta zo lafiya. Na shiga sujada da hannu mai ƙamshin man shafawa, aka karanta Luka sura 2, yaran makarantar Lahadi sukai wasan makiyaya, autana ya yafa tsohon bargon babansa yana jan wani yaro da aka sa ya zama tunkiya, mu kuma 'yan zumunta muka tashi da tulu da kacau-kacau har muryata ta dishe. Da muka dawo aka jera kuloli, shinkafa da miya, soyayyar kaza a sama, cincin a leda, yara suka dinga shiga gida gida. Gida bakwai muka kai wa. Hajiya ba ta tambayi wa ya yanka ba, ta daina tambaya tun shekarar farko, kular ta dawo da dabino a ciki, yara kuma da tukuicinsu a aljihu suna faɗa kan rabo. Da yamma ta shigo da kanta yi mana barka, ta zauna ta ci cinya guda a gabana tana ce min miyar ta ɗan yi yaji.

Ranar 27 na bi ta rumfar dan ban iya barin magana a ciki. Ban ɗaga murya ba, na ce Baba kajina shida ƙundu huɗu na gani. Bai yi musu ba ko kaɗan, ya juya ya kalli yaran, ɗaya ya sunkuyar da kai. Ashe tarawa suke su sayar wa masu suya da yamma. Ya sa aka ƙullo min guda huɗu a leda ya ce biyu naki biyu na haƙuri, ki gaida mai ƙundun.

Zan koma na sabuwar shekara, tunda muna da sujadar tsallake shekara daren 31 ba ni da lokacin figa. Amma da robata zan je, in tsaya a kansu a zuba kayan cikin a gabana ina ƙirgawa, buroila kuma zan ce a ɗebo ruwan a bokiti a ɗan sirka kafin a tsoma.