Hostel da tsarin abinci a jami'o'in Amurka: wanne za ka zaɓa kafin ka sa hannu?

Duk wanda ya samu admishan ɗin digirin farko a Amurka zai ci karo da fom guda biyu, na ɗaki da na abinci, kuma mutane da yawa sai su cike su cikin gaggawa kamar ba kuɗi ne ba. To kuɗi ne fa, masu yawa ma. Jami'o'i da dama suna wajabta wa ɗan aji ɗaya ya zauna a hostel, wasu har shekara biyu, kuma galibi in kana ciki dole ka sayi tsarin abinci, wato ka biya kuɗin cin abinci a kafteriyar makaranta tun gaba. A Harvard kusan duk ɗalibai a cikin makaranta suke zama har su gama, abincin kuma haɗe yake da ɗakin, babu zancen zaɓi. Wasu makarantun suna ɗage dokar zaman hostel ɗin ga mai aure, ko mai 'ya'ya, ko wanda ke zaune da iyayensa kusa, amma sai ka nema a rubuce.

Ɗaki tukuna, don shi ke jan abincin. Mai araha da aka fi samu shi ne na mutum biyu, bandaki na kowa da kowa a ƙarshen baranda. Na mutum ɗaya ya fi tsada kuma da wuya a ba sabon ɗalibi. Sai mai kama da fulat, da kicin ɗinsa da firij, wanda yawanci 'yan aji uku da huɗu ke samu, kuma a nan ne ake barinka ka rage tsarin abinci ko ka bar shi gaba ɗaya. Kwantiragin hostel na shekarar karatu ne, wajen wata 9, haya a cikin gari kuma galibi wata 12 ce, ga wuta da intanet a kanka, saboda haka kar arahar kuɗin wata ta ruɗe ka. Ka tambaya kuma ko ana rufe ginin a hutun Disamba, don ɗalibin da ya zo daga nesa ba shi da inda za shi cikin wannan sanyin.

Abincin nan ne inda nake so ka nutsu. Akwai wanda ba iyaka, ka shiga kafteriya ko sau nawa. Akwai na mako, ci 19 ko 14, shi 19 ɗin uku-uku ne Litinin zuwa Juma'a sai biyu-biyu Asabar da Lahadi, kuma abin da ba ka ci ba a makon ya tafi kenan, ba ya tsallakawa. Sai na dunƙule, a zuba maka adadi na zango ɗaya a kati, duk shiga a goga a cire ɗaya, ka ci yadda ka ga dama. Ana kuma haɗawa da wasu 'yan daloli a katin na sayen kofi da tarkace a shagunan makaranta, su ma a wurare da yawa suna ƙonewa a ƙarshen shekara.

Ni dai na fi son na dunƙule ko na 14, wallahi. Ka zauna ka lissafa da gaske, in kana da lakca ƙarfe 8 kuma ka san kanka sai saura minti goma kake tashi ka zari jaka, to karin kumallon nan biyar a mako ka biya ne kawai ba ka ci ba, zango kuma kusan mako 15 ne, kaga ci 75 kenan a banza. Wanda ba iyaka ya dace da ɗan wasanni ko mai ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Yawancin makarantu suna barin a ƙara tsari kowane lokaci, ragewa kuwa sai a makon farko ko na biyu kaɗai, don haka gara ka fara da ƙarami.

In halal kake ci ko kana da abin da jikinka ba ya so, ka rubuta wa ofishin abinci tun kafin ka biya, ka tambayi wace kafteriya ce ke da shi, kullum ne ko wasu ranaku, da abin da suke yi na sahur da buɗa-baki tunda ƙofa na iya rufewa kafin a sha ruwa. Amsar da suka ba ka a imel ka ajiye ta, da ita za ka nemi a rage maka in abin bai yi ba.