FreeRTOS, Zephyr ko ThreadX: wanne za ka ɗora wa allonka?

Ƙanina ya same ni a shago nan Jos riƙe da ɗan allon lantarkin nan shuɗi mai ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta STM32F103. Yana so ya haɗa na'urar da za ta sarrafa famfon ban-ruwa mai aiki da sola a gonar dankali ta wajen Bokkos. Ya ce, "Yaya, a cikin RTOS ɗin nan wanne ya fi sauri?" RTOS ƙaramar manhaja ce da ke tsara ayyukan na'ura su gudana a kan lokaci. Na ce masa ya zauna tukuna, domin sauri ba shi ne abin nema na farko ba. Abin da ake biɗa wajen irin wannan manhaja shi ne cika alƙawarin lokaci: idan an ce a amsa cikin maikurosakan 50, a amsa kowane karo, ba sau tara cikin goma ba.

Allon nasa yana gudu a megahaz 72, da RAM kilobayit 20 da filash 64. Wannan kaɗai ya rage masa zaɓi. FreeRTOS, wanda Richard Barry ya fara a 2003 kuma Amazon ta karɓi ragamarsa a 2017, shi ne ya fi dacewa da irin wannan ƙuncin. Ainihinsa 'yan fayiloli ne da za ka iya karancewa a mako guda, lasisinsa na MIT ne, ba ka biyan kowa ko sisi. Idan ka taɓa aiki da allon ESP32, to ka riga ka yi amfani da shi ko ba ka sani ba. Raunin sa shi ne kusan tsara ayyuka kawai yake yi. Direbobin na'urori kai za ka nemo.

Zephyr kuwa gida ne da kayan ɗaki. Yana ƙarƙashin Linux Foundation tun 2016, ya zo da Bluetooth da hanyoyin sadarwa da direbobi masu yawa, shi ya sa kamfanin Nordic ya gina kayan aikinsa a kai. Amma kafin fitila ɗaya ta kyafta sai ka koyi kayan saitinsa, wato west da Kconfig da devicetree, sai kuma ka sauke kaya masu cin data, abin da duk mai saye da kuɗin aljihunsa zai ji a jikinsa. Ina son sa ƙwarai ga aikin da zai girma ya koma alluna daban-daban. Ga famfo ɗaya a gona, ya yi yawa.

ThreadX ya fito daga Express Logic, Microsoft ta saye shi a 2019, yanzu yana hannun Eclipse Foundation kyauta. Mai tunanin kayan asibiti ko na masana'anta, inda ake neman shaidar aminci, ya dube shi da kyau.

Inda na fi tsayawa da ƙanin nawa shi ne awo. Kada ka yarda da lambar da ke jikin talla, domin an auna ta a wani allo, da wani saiti, galibi na'urar ba ta ɗauke da komai. Ɗauki ƙafa ɗaya ta aisi ɗin allon da ba a amfani da ita. Sa ta ɗaga wuta da zarar kiran gaggawa (interrupt, saƙon da ke katse aikin da ake ciki) ya shigo, ta sauke idan aikin da ke jira ya farka, sannan ka maƙala osilosikof, na'urar da ke nuna hawa da saukar wuta, ka ga tazarar da idonka. Cortex-M3, ƙwaƙwalwar da ke cikin STM32F103, da kansa yana cin bugun agogo 12 kafin ya shiga kiran gaggawa. Duk abin da ya ƙaru a kai, na manhajar ne da naka. Akwai kuma ma'aunin bugu na DWT a cikin M3 da M4, wanda babu shi a M0. Bar gwajin ya kwana yana gudu, allon nuni a kunne, saƙonni suna shiga suna fita, ka rubuta lamba mafi muni da ta bayyana. Matsakaici ba ya ƙona tiransisto, wannan karo ɗayan da aka makara ne ke ƙonawa.

Na koyi haka da zafi. Wata inbata da na haɗa ta yi lafiya lau a kan teburi, sai da ta je gidan mai ita ta fara ɗaukewa jefi-jefi. Ashe ƙaramin aikin rubutu a allon nuni ne ke riƙe makullin da babban aiki ke jira. Irin ciwon da ya kama na'urar binciken duniyar Mars, wato Mars Pathfinder, ke nan a 1997, a kan RTOS ɗin VxWorks, har sai da aka kunna gadon fifiko daga nan duniya, wato ƙaramin aikin da ke riƙe da makulli ya ari fifikon babban da ke jira har ya saki. Don haka kafin ka zaɓa, tabbatar makullin mutex na manhajar yana da wannan gadon. Duka ukun suna da shi, amma a ThreadX sai ka nema lokacin ƙirƙirar makullin, a FreeRTOS kuma semafo na zalla, wani nau'in makulli da ba mutex ba, ba ya bayar da shi.

Ƙanina ya tafi da FreeRTOS. Na ce masa sarrafa injin ya zauna cikin kiran gaggawa na taima, sauran ayyuka su raba lokaci, kuma ya riƙa duba uxTaskGetStackHighWaterMark, mai nuna mafi ƙarancin sararin RAM da ya taɓa rage wa kowane aiki, domin kilobayit 20 ba ta da yawa. Na ara masa osilosikof ɗina zuwa Asabar, da sharaɗin ya dawo mini da lambar da ya gani bayan kwana guda.