Pisin ɗin yara da tsanin da ke jan mutum

Duk mai sayar da pisin, wato wurin iyo, irin na ɗorawa a tsakar gida, mai ƙafafun ƙarfe da leda mai kauri, zai gaya maka lita nawa yake ci, ya nuna maka hoton jikin kwali, amma maganar wuta ba za ka ji ta a bakinsa ba. Nawa a wajen wani mai shago da ke shigo da kaya daga Kano na saye shi, cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura 40 tun kafin azahar. Kuɗin kun san su. Cika shi ma wani aiki ne a garin da ake kwana jiran pampo, ƴan garuwa sun ci kasuwa a kaina. Ledar ba ta yoyo, ƙafafun ba su lanƙwashe ba. Yabon kayan ya ƙare a nan.

Ɗan injin tace ruwa na roba da ya zo da shi bai jure ƙurar Damagaram ba, ya ƙone. Mai shago ya turo min yaronsa, wai ya iya wuta. Ya kawo injin ƙarfe irin na tura ruwa sama cikin tanki, ya jawo masa waya mai hanji biyu daga piris ɗin kicin, wato wurin jona wuta, ya naɗe mahaɗar da sikoc, ya shimfiɗe ta a ƙasa inda yara ke fantsama ruwa. Ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, ƴata ta fito daga ruwa, ƙafa ɗaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, hannu riƙe da tsani, sai ta ƙwalla ƙara: “Baba, tsani yana cizo!” Yayyenta suka hau dariya, wai zanzaro ne. Uwarsu ta kai hannu, ta janye da salati. A guje na je na kashe wutar gidan gaba ɗaya, kuma a lokacin akwai yara biyu cikin ruwan har ƙirji. Babban disjonkta, wato makashin da ke yanke wutar gida da kansa, wanda ke kusa da na'urar ƙidayar wuta, ko motsi bai yi ba. Har yau in na tuna ƙaramin, da kansa bai gama wuce bakin ledar ba, sai cikina ya juya.

Na kira mai shago jikina na rawa. Abin da ya ce min: “Haba Alhaji, ai ɗan ja ne, ko firiji ma yana yi. Su riƙa sa takalmin roba.” Takalmi a cikin ruwa! Wannan maganar ta fi jan da tsanin ya yi ƙona min rai.

Wani maƙwabci ya haɗa ni da wani dattijo mai aikin wuta. Bai taɓa komai ba sai da ya sa na'urarsa tsakanin tsani da ƙasa, ya kunna injin, ya nuna min lamba tana hawa. Da ya buɗe akwatin wayoyin injin, ruwa ne ya shiga, kuran, wato wutar lantarki, yana zuba a jikin ƙarfen, daga nan ya bi ruwa zuwa tsani. Na ce, Malam, to me ya sa waɗanda ke ciki ba su yi ihu ba? Ya ce, “Alhaji, ka ga kurciya a kan wayar NIGELEC? Wuri ɗaya take taɓawa. Yarinyarka wuri biyu ta taɓa, tsani mai wuta da ƙasa marar wuta, kuran ya ratsa ta cikinta. Su ma Allah ne ya tsare.” Ya ce wutarmu volt 220 ce, kuma jiƙaƙƙen jiki ba ya tare ta kamar busasshe. Mutum yana fara jin tsiki tun wajen miliamfiya 1 (ma'aunin yawan kuran da ke ratsa jiki), a wajen 10 hannu na iya damƙewa ya kasa saki, in ta wuce 30 numfashi da zuciya ake magana. Babban disjonktan nan ba don ɗan yoyo irin wannan aka yi shi ba.

Aikin da ya yi ya burge ni, ban ɓoye ba. Ya ɗauko wayar jan ƙarfe mai kauri ya ɗaure tsani, ƙafafun pisin da jikin injin duk a kanta, ya sa guntun bututun ƙarfe a tiyon da ruwa ke bi, shi ma ya ɗaure shi, don ruwan kansa ya shiga cikin haɗin. Sannan ya haƙa ɗan rami ya zagaye pisin, kamar rabin mita daga jikinsa, ya binne tsirarar waya, don ƙasar da yara ke takawa ta daidaita da tsanin da suke riƙewa. A cewarsa wannan haɗin dabam, sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa, dabam: haɗin yana hana bambanci tsakanin abubuwan da jiki ke taɓawa, sandar kuma tana ba kuran hanyar gudu don diferansiyal, wato makashin da ke gane yoyon wuta, ya gane ya yanke. Ya sa na miliamfiya 30 a layin injin shi kaɗai, ya canza wayar da mai hanji uku, har da mai kore da rawaya, ya mayar da piris ɗin mita 3 da rabi daga bakin ruwa, cikin akwati mai murfi.

Sandar ce ta ba shi wuya. Wanda ya san Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya san a kan dutse muke zaune. Sanda mai mita 2 ta shiga kaɗan ta tsaya cak, sai da ya koma bayan makewayi inda ƙasa ke da danshi. Na ce a zuba gishiri da gawayi kamar yadda kowa ke yi, ya ce gishiri zai gyara awo yau, ya cinye sandar gobe. Ya ce kuma da rani ake awon gaskiya, da damina kowace sanda tana yin kyau.

To amma wajen kankare fenti don waya ta kama ƙarfe ne haushin kayan ya dawo min. Babu ko ƙusa ɗaya da aka tanada don ɗaura waya a jikin ƙafafun, guntaye ne ake zura wannan cikin wancan, ko'ina fenti. Inda aka kankare yanzu tsatsa ta fara fitowa. Jan ƙarfe kuwa a Kasuwar Dole ba arha yake ba, da kuɗin kaya da na aiki abin ya kusa rabin kuɗin pisin ɗin, kuma ba wanda ya faɗa min haka ranar ciniki.

Shi ma dattijon da nake ta yabo ya bar min rabin aiki. Ya ce in an ɗauke wuta muka tada gurup, wato janareto, diferansiyal ɗin ba lalle ya yanke ba sai an haɗa gurup ɗin da sandar ƙasa yadda ya kamata, zai dawo ya yi. Na biya shi har da na wannan. Kullum na kira, “Ina tafe, Alhaji, gobe in sha Allah.” Ramin bayan makewayi ni da yara muka cike shi. Kuma lokacin zafi ne aka fi ɗauke wuta, daidai lokacin da ruwa ke saurin yin kore in ba a tace shi ba. Don haka yanzu injin ba ya aiki da gurup sam, kuma ko da wutar gari, sai na zare shi daga piris da hannuna kafin wani ya sa ƙafa a ruwa. Mai shago kuwa da na mayar masa da ƙonannen injinsa na roba, cewa ya yi kayan wuta ba su da garanti.