Sharhi: Yini ɗaya tare da Bakha mai wankin masai

Mu da muka taso da kallon finafinan Indiya mun saba da waƙa da rawa da ɗan talaka ya auri 'yar attajiri. Wanda yake kwashe bahaya a bayan gidan attajirin kuwa ba a nuna mana shi. Shi ne jarumin Untouchable, littafin Mulk Raj Anand da ya fito a 1935. Bugun Penguin na saya, siriri ne, Turancinsa mai sauƙi, da gabatarwar marubucin Ingila E. M. Forster.

Labarin gaba ɗaya yini ɗaya ne a rayuwar Bakha, saurayi ɗan shekara 18 da ya gaji wankin masai daga kakanni. Irinsu ne ake kira Untouchable a Indiya, wato 'yan ƙasan tsarin asali da ake ganin taɓa su ƙazanta ce. Abin da ya fi kama ni shi ne yadda marubucin ya nuna wulaƙancin a ƙananan abubuwa. Ƙanwarsa Sohini ba ta da ikon jefa guga a rijiya, sai ta tsaya har wani mai asali ya ji tausayinta ya zuba mata. Bakha dole ya riƙa shelar zuwansa a titi don mutane su kauce. Ya sayi jalebi, wani kayan zaƙi, daɗi ya sa ya manta da shela, ya gogi wani mutum, aka taru ana zaginsa, mutumin ya kwaɗa masa mari. Dubi ikon Allah: taɓawa ƙazanta ce, amma mari ya halatta! Haka malamin ɗakin bauta da ya nemi yin lalata da Sohini, da ta ƙi sai ya hau ihun ta ƙazanta shi.

Ƙarshen ne ya ɗan sage min gwiwa. Anand ya jero wa Bakha mafita uku: mishan, jawabin Gandhi, da masai mai ruwa da wani mawaƙi ya ambata. Yaron da muka ji zafinsa tun asuba ya koma ɗan sauraro, manya suna ta lacca a kansa. Babu muryar Ambedkar, ɗan irin waɗannan mutane da ya jagoranci rubuta tsarin mulkin Indiya na 1950 wanda sashe na 17 nasa ya haramta wannan wariya. Anand kansa ba cikinsu aka haife shi ba, kuma hakan ya fito a nan.

Duk da haka kuɗina bai tafi banza ba. In za ka ba ɗalibi, ka haɗa masa da tarihin Ambedkar.